Zaɓen Littafin da Aka Mayar Fim Domin Kundin Bincike: Jagora ga Ɗaliban Adabi

1.0 Gabatarwa

A kowace shekara, idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya yi a sassan koyar da harsunan Nijeriya na jami'o'i da kwalejojin ilimi, ba a rasa ɗaliban da za su zo da batun kwatanta littafi da fim ɗin da aka yi daga gare shi. Dalilin wannan sha'awa ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibi yakan ɗauka cewa aikin ba ya wuce karanta littafi guda da kallon fim guda, sannan a jera inda suka yi kama da inda suka saɓa. Sai tafiya ta yi nisa, an amince da batu, an rubuta babi na ɗaya da na biyu, sannan ya gane cewa fim ɗin ba ya samuwa ko'ina, ko kuwa ba daga littafin aka ciro shi ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. A irin wannan hali zangon karatu yakan ƙare ba a kammala aiki ba, wani ma har shekara guda takan suɓuce masa. Matsalar ta fi tsanani ga ɗaliban Hausa da ke karatu a jami'o'in da ke nesa da Kano da Zariya da Kaduna, inda a nan ne aka fi samun mawallafa da 'yan fim da tsofaffin littattafai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana sharuɗɗan da ya kamata a bi wajen zaɓen littafin da aka mayar fim domin yin nazari a kansa. Za ta fara da ma'anar baddala da ire-irenta, sannan ta kawo taƙaitaccen tarihinta a Hausa da sauran sassan Nijeriya. Daga nan za ta zayyana sharuɗɗan zaɓen, ta gwada su a kan littafin Shaihu Umar, kana ta yi nuni ga hanyar gudanar da aikin bayan an yi zaɓe.

2.0 Ma'anar Baddala da Ire-irenta

Abin da ake nufi da baddala a fagen adabi shi ne ɗauko labari daga wata kafa a sake gina shi a wata kafar dabam, kamar a ɗauko ƙagaggen labari a mayar da shi wasan kwaikwayo na dandamali, ko na rediyo, ko fim. Baddala ta bambanta da fassara, domin ita fassara harshe take sauyawa ta bar kafa yadda take, ita kuwa baddala kafar ce take sauyawa, ko an sauya harshe ko ba a sauya ba.

Tun a 1957 George Bluestone ya nuna a littafinsa Novels into Film cewa littafi da fim abubuwa ne biyu masu zaman kansu, kowane da kayan aikinsa. Marubuci da kalmomi yake aiki, yana iya shiga zuciyar tauraro ya faɗi abin da yake saƙawa, yana kuma iya tsallake shekara ashirin a jimla ɗaya. Mai shirya fim kuwa da hoto da sauti yake aiki. Dole ya nemi fuskar da za ta tsaya a matsayin tauraron, da tufafin da zai sa, da gidan da zai zauna, ko da marubucin bai ce komai a kansu ba. Ke nan sauyi wajibi ne a baddala, ba laifi ba ne.

Geoffrey Wagner, a littafinsa The Novel and the Cinema na 1975, ya kasa baddala gida uku. Kashi na farko shi ne wanda ake ɗauko labarin kusan yadda yake, ba tare da wani babban sauyi ba. Na biyu shi ne wanda mai fim yake sauya wasu sassa, da gangan ko ba da gangan ba, har fim ɗin ya zama tamkar sharhi a kan littafin. Na uku shi ne wanda ake ɗaukar ƙashin bayan labarin kawai, a gina wani sabon abu a kai, sau da yawa a wani wuri da wani zamani dabam. Daga baya Linda Hutcheon, a littafinta A Theory of Adaptation na 2006, ta ƙara jaddada cewa bai kamata a riƙa auna fim da mizanin biyayyarsa ga littafi kaɗai ba. Amfanin wannan rabe-rabe ga ɗalibi shi ne, tun kafin ya tsayar da batu, ya san irin baddalar da ke gabansa, domin tambayar da za a yi wa kashi na farko ba ita za a yi wa na uku ba.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Baddala a Nijeriya

Rubutattun ƙagaggun labarai na Hausa na boko sun samo tushe daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin jagorancin Rupert East. Gasar ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Daga cikin waɗannan, Shaihu Umar ne ya yi fice a fagen baddala. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo wanda aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Haka kuma gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da labaran Magana Jari Ce jerin wasanni, inda Ƙasimu Yero ya fito. A farkon shekarun 1990 Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos ta yi fim ɗin Kulɓa Na Ɓarna daga wasan kwaikwayon Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda Brendan Shehu ya ba da umarni.

Zuwan finafinan bidiyo ya buɗe wani sabon babi. A daidai lokacin da adabin kasuwar Kano yake tashe, wasu marubuta sun shiga harkar fim da ƙafarsu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In da So da Ƙauna fim a 1994, haka shi ma Bala Anas Babinlata ya yi da Tsuntsu Mai Wayo. A ƙarshen shekarun 1990 aka yi fim ɗin Ki Yarda da Ni daga littafin Bilkisu Ahmed Funtuwa, sannan a 1998 aka yi Alhaki Kwikwiyo daga littafin Balaraba Ramat Yakubu mai suna Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990.

A sauran harsunan Nijeriya ma abin haka yake. Tunde Kelani ya mayar da littafin Yarabanci na Akinwumi Isola mai suna O Le Ku fim a 1997. A ɓangaren adabin Ingilishi, an yi fim daga wasan Wole Soyinka na Kongi's Harvest a 1970, NTA ta nuna Things Fall Apart na Chinua Achebe kashi-kashi a 1987, Biyi Bandele ya yi fim daga Half of a Yellow Sun na Chimamanda Ngozi Adichie a 2013, ya kuma yi Elesin Oba da harshen Yarabanci a 2022 daga wasan Soyinka na Death and the King's Horseman. Daga wannan jeri za a ga cewa abin zaɓe ba ya ƙaranci. Wahalar tana ga sanin wanda ya dace.

4.0 Sharuɗɗan Zaɓe

4.1 Samuwar Littafin da Fim Ɗin

Sharaɗi na farko, wanda kuma ya fi kowane muhimmanci, shi ne ɗalibi ya mallaki littafin da fim ɗin duka biyu, cikakku, kafin ya kai batunsa gaban malamin da zai duba aikin. Jin labarin cewa an taɓa yin fim ɗin bai isa ba, haka ma tuna cewa an kalle shi a ƙuruciya. Finafinan Hausa na shekarun 1990 a kaset ɗin bidiyo aka fitar da su, kaset kuwa zafi da ƙura da danshi suna lalata shi, na'urar kunna shi ma ta yi wuyar samu. Waɗanda aka juya a faifan CD sau da yawa sukan zo da hoto dishi-dishi ko sauti mai yankewa. Waɗanda ake samu a YouTube kuma wasu guntaye ne, wasu an yanke musu sunayen ma'aikata na farko da na ƙarshe, alhali a nan ne ake samun shekarar fitowa da sunan kamfani da na marubuci.

Labarin fim ɗin Shaihu Umar kansa ya isa darasi. Duk da cewa da kuɗin gwamnati aka yi shi, ya shafe shekaru masu yawa ba a ganinsa, har aka ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta birnin Balin a Jamus ta gyara shi, aka sake nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Idan wannan ya faru da fim ɗin da ya wakilci ƙasa a FESTAC, to ina ga wanda wani ƙaramin kamfani ya fitar a kasuwa?

Littafi ma yana da tasa matsalar. Yawancin littattafan adabin kasuwar Kano kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku ko fiye. Wanda ya sami kashi na ɗaya kawai rabin labari ya riƙe. Bugu da ƙari, ya kamata a lura da bugun da ke hannu, domin akan sake buga littafi da gyare-gyare, a kuma rubuta a kundin ko wane bugu aka yi amfani da shi.

4.2 Tabbatar da Dangantaka

Sharaɗi na biyu shi ne a tabbatar da cewa lallai daga littafin aka ciro fim ɗin. Marubutan Hausa da masu shirya fim sukan ɗebo sunayen ayyukansu daga rumbu ɗaya, wato karin magana da salon magana na yau da kullum, don haka ba abin mamaki ba ne suna ya zo ɗaya. Alal misali, Turmin Danya suna ne na littafin Sulaiman Ibrahim Katsina na 1982, kuma suna ne na fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, wanda Aminu Hassan Yakasai ya rubuta. Haɗuwar suna kaɗai ba hujja ba ce ta baddala. Hujja tana samuwa ne daga rubutun da ke farkon fim ko ƙarshensa, ko daga bakin marubucin ko mai shirya fim ɗin, ko daga daidaituwar taurari da zubin labari.

Akwai kuma baddalar da ba kai-tsaye take ba. Wani fim ɗin yakan bi ta wasan kwaikwayo kafin ya iso, kamar yadda za a gani a kan Shaihu Umar. Wani kuma littafi biyu yake haɗawa, kamar fim ɗin Bullfrog in the Sun na farkon shekarun 1970, wanda ya gwama Things Fall Apart da No Longer at Ease. Wanda ya zaɓi irin wannan fim, ya sani cewa littafi biyu zai karanta, ba ɗaya ba.

4.3 Girman Aikin

Sharaɗi na uku shi ne a auna girman aikin da lokacin da ake da shi. Kundin digiri na farko a cikin zango ɗaya ko biyu ake rubuta shi, a daidai lokacin da ɗalibi yake fama da sauran darussa. Magana Jari Ce littafi uku ne, ɗauke da labarai masu yawa a cikin babban labari guda. Wanda ya ce zai kwatanta shi dukansa da wasannin talabijin da aka yi daga gare shi ya ɗauko kayan da ya fi ƙarfin kansa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a keɓe labari biyu ko uku a yi musu nazari mai zurfi. Haka abin yake ga finafinai masu dogon zango da suka yawaita bayan kafa tashar Arewa24 a 2014. Mai son nazarin irin waɗannan sai ya iyakance kansa ga zango guda ko ga tauraro guda. Littafi madaidaici da fim na awa biyu ko ƙasa da haka su suka fi dacewa da mai farawa.

4.4 Harshe

Sharaɗi na huɗu ya shafi harshe. Ɗalibin sashen harsunan Nijeriya ana sa ran ya ce wani abu game da sarrafa harshe: karin magana, kirari, habaici, zambo, gaisuwa, da karin harshen taurari. Wannan ba zai yiwu ba sai yana jin harshen littafin da na fim ɗin. Mai dogaro da fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto ba fim ɗin yake nazari ba, aikin mai fassara yake nazari, fassarar ƙasan hoto kuwa taƙaitacciya ce saboda ƙarancin wuri da lokaci. Saboda haka O Le Ku ya fi dacewa da mai jin Yarabanci, kamar yadda In da So da Ƙauna ya fi dacewa da mai jin Hausa. Inda aka sauya harshe tare da kafa, kamar Elesin Oba wanda wasansa da Ingilishi aka rubuta amma fim ɗin ya zo da Yarabanci, aikin ya zama biyu: nazarin baddala da nazarin fassara. Irin wannan ya fi kyau a bar wa masu neman babban digiri.

Wannan sharaɗi ya shafi littafin ma. Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar zuwa Ingilishi a 1967, Aliyu Kamal kuma ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne, aka buga a 2012. Waɗannan fassarori suna da amfani, amma ba za su maye gurbin matanin Hausa ba ga ɗalibin Hausa.

4.5 Samuwar Abin Faɗa

Sharaɗi na biyar shi ne a sami tazara mai ma'ana tsakanin ayyukan biyu. Idan fim ya bi littafi sau da ƙafa, babu abin da ɗalibi zai yi illa maimaita labari sau biyu. Idan kuma ya yi nisa da shi ƙwarai, har ba a gane taurari, kwatancen yakan rasa madafa. Wanda ya fi ba da abin rubutu shi ne na tsakiya, inda aka riƙe labarin amma aka sauya wani abu mai nauyi. Kongi's Harvest misali ne a nan. Soyinka ne ya rubuta wasan, shi ya fito a matsayin Kongi a fim ɗin da Ossie Davis ya ba da umarni, amma duk da haka ya nesanta kansa daga fim ɗin bayan an kammala, saboda sauye-sauyen da aka yi. Wannan saɓani kaɗai ya isa ya haifar da tambayar bincike.

Wani abin lura kuma shi ne ko wane ne ya yi baddalar. Sembene Ousmane na Senegal da kansa ya mayar da littattafansa fim, kamar Mandabi a 1968 da Xala a tsakiyar shekarun 1970, domin ya isar da saƙonsa ga waɗanda ba su karatu. Irin wannan matsayi ne Ado Ahmad Gidan Dabino ya samu kansa a ciki. Idan marubuci ne ya juya aikinsa, tambayar ita ce me kafar fim ta tilasta masa ya bari. Idan wani ne dabam, kamar yadda ya faru da littafin Balaraba Ramat Yakubu, sai a tambaya ko ra'ayin marubuciyar game da halin da mata suke ciki a gidan aure ya tsira yadda yake, ko an sassauta shi, ko an ƙarfafa.

5.0 Gwaji a Kan Shaihu Umar

Domin a ga yadda waɗannan sharuɗɗa suke aiki, ya kyautu a gwada su a kan aiki guda. Shaihu Umar ɗan ƙaramin littafi ne da ake iya karancewa a zama ɗaya ko biyu, kuma ya daɗe a cikin manhajar makarantu, don haka samunsa ba ya wuya. Fim ɗin ya ɗan haura awa biyu, da Hausa aka yi shi, kuma Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu Umar. Ke nan ya cika sharaɗin girma da na harshe. Sharaɗin dangantaka ma ba shi da shakka, sai dai akwai matakai uku: littafi, wasan dandamali, sannan fim. Ɗalibin da ya tsallake matakin tsakiya zai iya jingina wa Adamu Halilu sauyin da tun a wasan Ladan da Lyndersay aka yi shi. Sharaɗin da ke bukatar a yi hattara shi ne na samuwa. Gyara fim da nuna shi a biki abu ne dabam, samunsa a hannun ɗalibi ya yi ta maimaita kallo abu ne dabam. Sai an tabbatar da wannan kafin a tsayar da batu.

Ta fuskar abin faɗa kuwa, aikin yana da wadata. Littafin labari ne cikin labari: Shaihu Umar, malami a Rauta kusa da Bauchi, shi ne yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa, tun daga haihuwarsa a Kagara, da korar da aka yi wa mijin mahaifiyarsa Makau sakamakon makircin fadawa, da sace shi da aka yi yana yaro, da yadda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada ya yi karatu, har zuwa haɗuwarsa da mahaifiyarsa wadda ita ma ta faɗa bauta garin nemansa. A nan tambayoyi uku suke tasowa.

Ta farko ta shafi mai ba da labari. A littafi, duk abin da mai karatu ya sani daga bakin Shaihu ya ji shi, har da abubuwan da suka faru kafin a haife shi da wahalhalun mahaifiyarsa waɗanda bai gani da idonsa ba. Kyamara kuwa ba ta cewa an ce, nunawa take yi. To yaya fim ɗin ya yi da muryar dattijon, ya riƙe ta ko ya sake ta? Ta biyu ta shafi jigo. Littafin yana ba da labarin harin bayi da cinikinsu cikin natsuwar malamin da ya sallama wa ƙaddara. Abin da aka faɗa a jimla ɗaya cikin sanyin murya, idan aka nuna shi a hoto, da igiya a wuya da kukan yara, nauyinsa yakan sauya. Ɗalibi zai iya bincika ko jigon haƙuri da tawakkali ne ya rinjaya a fim ɗin, ko kuwa jigon muguntar bauta. Ta uku ta shafi zamani. An rubuta littafin a zamanin mulkin mallaka domin wata gasa ta hukuma, an yi fim ɗin bayan 'yancin kai da shekara goma sha shida, shekara goma bayan rasuwar marubucin a 1966, domin a nuna wa duniya al'adun Nijeriya. Masu karatu na farko da masu kallo na biyu ba ɗaya ba ne, kuma wannan bambanci yakan bayyana a abin da aka zaɓa a fito da shi, kamar sutura da kiɗa da tsarin fada. Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan uku ta isa kundi guda.

6.0 Bayan An Yi Zaɓe

Tsarin aiki yana da tasiri a kan sakamako. Ya fi kyau a fara karanta littafin sau biyu kafin a kalli fim, domin idan aka fara da kallo, fuskokin 'yan wasa sukan mamaye tunani, har mutum ya riƙa ganin abin da marubuci bai rubuta ba. A karatu na biyu sai a jera manyan aukuwar labarin ɗaya bayan ɗaya tare da lambar shafi. Daga nan a kalli fim ɗin sau ɗaya ba tsayawa, sannan a sake kallo ana tsayarwa, ana rubuta kowace fitowa da mintin da ta fara. Idan aka ajiye jerin biyu kusa da juna, abu huɗu za su fito fili: abin da aka riƙe, da abin da aka zubar, da abin da aka ƙara, da abin da aka sauya wa wuri ko siga.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa a nan. Jera bambance-bambance tattara bayanai ne kawai, nazari yana farawa ne daga tambayar dalili. Wani sauyin tilas ne na kafa, kamar mayar da tunanin zuci ya zama hira tsakanin mutum biyu. Wani na kuɗi ne, domin marubuci yana ƙona kasuwa ko ya tara dakaru dubu da alƙalami ba tare da ya kashe kwabo ba, mai fim kuwa sai ya biya. Wani na kasuwa ne, kamar sanya waƙoƙi da raye-raye da ya zama ruwan dare a finafinan Hausa tun daga ƙarshen shekarun 1990. Wani kuma na doka ne da al'ada, domin tun 1993 akwai hukumar tace finafinai ta ƙasa, Jihar Kano kuma ta kafa tata a 2001, abin da ido zai gani kuwa ya fi saurin tayar da ƙura a kan abin da aka karanta a ɗaki. Wajibi ne ɗalibi ya rarrabe waɗannan dalilai, kuma ya kafa hujja a kan kowane, kada ya yi zato ya kira shi sakamako. Inda marubucin ko mai ba da umarnin yake raye, hira da shi takan warware abin da hasashe ba zai warware ba, amma a riƙa auna maganarsa da abin da ke cikin aikin.

Kuskure na biyu shi ne rufe kundi da hukuncin cewa littafin ya fi fim ɗin, ko fim ɗin ya fi littafin. Wannan ra'ayi ne na mai kallo, ba sakamakon bincike ba. Abin da ake bukata shi ne a nuna abin da kowace kafa ta iya yi da labarin, da abin da ya gagare ta.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa nasarar kundin da ya shafi baddala tana farawa ne tun daga zaɓe. An kawo sharuɗɗa biyar: a mallaki littafin da fim ɗin cikakku, a tabbatar da dangantakarsu, a auna girman aikin da lokaci, a ji harshen ayyukan biyu, a kuma sami tazarar da za ta haifar da tambaya. An gwada su a kan Shaihu Umar, aka ga inda ya cika su da inda ake bukatar hattara.

Akwai nauyin da ya rataya a kan sassan koyar da harsuna su ma. Muddin finafinan farko na bidiyo suna warwatse a hannun ɗaiɗaikun mutane, to kowace shekara wasu za su ƙara salwanta, ɗalibai kuma su ci gaba da taruwa a kan 'yan ayyuka ƙalilan da ake samu. Zai yi amfani kowane sashe ya tanadi ma'ajiya ta littattafan da aka baddala tare da finafinansu, da izinin masu su, ya kuma riƙa neman kowane ɗalibi ya miƙa kwafen fim ɗin da ya nazarta tare da kundinsa. Ta haka mai jarrabawa zai iya tantance abin da aka rubuta, na baya kuma su sami inda za su ɗora.